Zaɓe da Shimfiɗa Wayar Fiba a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Wayar fiba igiya ce ta siraran zaruruwan gilashi wadda ake binnewa a ƙasa domin ɗaukar saƙonnin intanet ta hanyar haske. Manyan wayoyin da ke haɗa Nijeriya da sauran duniya, irin su MainOne da Glo-1 na shekarar 2010 da Equiano na 2022, ta ƙarƙashin teku suka biyo suka sauka a Legas. Kafin amfaninsu ya iso gare mu a shiyyar arewacin Jihar Kaduna sai an haƙa rami na ɗaruruwan kilomitoci, kuma a nan ne ƙuri'ar mai zaɓe take shiga cikin maganar.

A tsarin mulkin ƙasa, sha'anin sadarwa yana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ita ke ba kamfanoni lasisi. Sai dai kowace gwamnati da irin nata tsarin. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da shirin 2013 zuwa 2018, da burin kai intanet mai sauri ga kashi 30 cikin 100 na jama'a. A watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon shiri a ƙarƙashin Minista Isa Ali Pantami, wanda ya ɗaga burin zuwa kashi 70 kafin ƙarshen 2025. Wa'adin ya cika ba a kai ga hakan ba. Bayan zaɓen 2023 salo ya sake sauyawa. A watan Mayu na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kafa kamfani na musamman, na haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa, domin shimfiɗa kilomita 90,000 a kan kimanin 35,000 da ake da su, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2. Minista Bosun Tijani ne ya jagoranci tsara shi, kuma a watan Oktoba na 2025 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin aikin. Aiki irin wannan ya fi ƙarfin zango guda na mulki, don haka duk wanda ya ci zaɓen 2027 zai gaje shi, tare da bashinsa.

Amma ƙasar da ake haƙawa ba ta Abuja ba ce. Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, saboda haka kamfani ba ya tona gefen hanyar jiha sai ya biya kuɗin izini. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti, alal misali, tana karɓar naira 4,500 kafin ta rage zuwa 145 a 2020. A wannan shekarar ce Gwamna Nasir El-Rufa'i ya yafe kuɗin baki ɗaya a Jihar Kaduna. Idan muka lissafa, kilomita 30 a kan naira 4,500 sun kai naira miliyan 135 tun ba a sa diga a ƙasa ba, alhali a kan naira 145 ba su cika miliyan 4 da rabi ba. Wannan bambanci ya isa ya sa kamfani ya tsaya a Zariya ya ƙi ƙarasawa karkara. A ganinmu, wannan ce babbar gaɓa, domin rangwamen da gwamna ya bayar wani gwamnan yana iya janye shi, matuƙar majalisar jiha ba ta ɗaure shi da doka ba.

Ƙananan hukumomin nan uku ba su yi tarayya a sa'a ba. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ƙasar Maƙarfi ta Tashar Yari, kuma kamfanoni sun fi son bin irin wannan hanya. Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, tana kan hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi Jihar Katsina. Ikara kuwa tana ciki, sai an cire mata reshe. Manomin rake a Maƙarfi, da mai tumatir a Ikara, da ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris, galibinsu ba waya za a ja musu har gida ba. Abin da suke buƙata shi ne fiba ta kai ga turakun sadarwa na garinsu, domin na'urar cirar kuɗi ta daina katsewa ranar kasuwa.

Dukkan ukun suna cikin mazaɓar Sanatan Kaduna ta Arewa, amma a Majalisar Wakilai Maƙarfi da Kudan kujera ɗaya suke da ita, Ikara kuma tana tare da Kubau. Waɗannan wakilai su ne ke amincewa da kasafin kuɗi da rancen ƙasashen waje, su ne kuma ke da ikon tambayar ma'aikata inda taswirar aikin ta bi. Shugaban ƙaramar hukuma ma yana da nasa rabon, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye: shi ne mafi kusa da mai haƙa kwalbati ko rijiya da kan tsinke waya. Tun 2024 dokar Shugaban Ƙasa ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su laifi ne.

Har ila yau, zaɓen kansa ya dogara da layin. A 2023 Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta yi amfani da na'urar BVAS, wadda ke tantance mai zaɓe ko da babu intanet, amma ba ta iya aika hoton takardar sakamako zuwa rumbun hukumar sai an kai ta inda layi yake kamawa.