Daga Helsinki zuwa Rano: yadda SSH ta samo asali

Sakamakon JAMB da ɗalibin Kibiya ke dubawa a waya, da kuɗin da mai POS ke turawa a kasuwar Rano, duk suna bi ta wasu manyan kwamfutoci da ke jibge cikin ɗakuna masu sanyi a Legas, Abuja ko Turai. Su ake kira uwar garke. Yawancinsu ba su da allo, ba kuma wanda ke zaune a gabansu. Daga nesa masu kula da su ke ba su umarni, kuma hanyar da aka fi bi ita ce SSH. An samar da ita ne don toshe wata ɓaraka da aka shekara fiye da ashirin ana zaune da ita.

A 1969 aka haɗa kwamfutocin farko na ARPANET a Amurka, wadda daga baya ta haifi intanet. Tun a shekarar aka soma aikin Telnet, manhajar da ke ba mutum damar shiga wata kwamfuta daga tasa. A 1983 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙaro rlogin da rsh. Masu amfani da su a lokacin 'yan tsiraru ne, malaman jami'a da injiniyoyi, kusan kowa ya san kowa, saboda haka ba a damu da tsaro ba. Duk abin da mutum ya buga, har kalmar sirrinsa, a fili yake tafiya, kamar wasiƙar da aka danƙa wa yaron mota ba ambulan: duk hannun da ta bi yana iya karantawa.

Da jama'a suka yi yawa, sai ɓata-gari suka shigo. A 1995 aka gano an dasa wata manhaja a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a ƙasar Finlan, tana tsince kalmomin sirrin mutane suna wucewa. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta maganin abin. A watan Yuli na shekarar ya saki SSH kyauta. Ya nemi hukumar IANA ta ba shi ƙofa mai lamba 22, wadda ke tsakanin 21 ta FTP da 23 ta Telnet, aka ba shi, kuma har gobe ta nan ake shiga. Kafin shekarar ta ƙare masu amfani da manhajar sun kai kimanin 20,000 a ƙasashe 50.

Ylönen bai ƙirƙiro lissafin sakaya saƙo ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka nuna tun 1976 yadda ɓangare biyu za su daidaita a kan sirri ɗaya ko da ana sauraronsu. Gwanintarsa ita ce mayar da wannan ilimi kayan aikin yau da kullum. Mutum zai buga ssh-keygen a baƙin allo, kwamfuta ta fitar masa da makulli biyu: na fili, wanda zai ajiye a uwar garke, da na sirri, wanda ba ya barin na'urarsa. Ranar da ya fara shiga, uwar garken za ta nuna masa shaidarta, wasu haruffa da lambobi a jere, a tambaye shi ko ya yarda. In ya amince, an adana. Duk ranar da shaidar ta sauya, allo zai cika da gargaɗi, don wataƙila wani ne ya tsaya a tsakiya yana sojan gona. A ganina wannan gargaɗin ya fi komai daraja a cikin manhajar, kuma shi ne sababbin shiga suka fi tsallakewa cikin gaggawa.

A Disamban 1995 Ylönen ya kafa kamfanin SSH Communications Security, sannu a hankali sharuɗɗan amfani suka tsananta. Da an tsaya nan, da SSH ta zama kayan masu hannu da shuni. Sai 'yan aikin OpenBSD, ƙarƙashin Theo de Raadt a Kanada, suka ɗauko tsohon zubin da ke da 'yanci, suka gyara shi, suka fitar da OpenSSH a Disamban 1999. A 2006 hukumar IETF ta tabbatar da ƙa'idar SSH ta biyu, a 2018 kuma Microsoft ya sanya OpenSSH cikin Windows 10.

Lokacin da ake fafutukar 1999, ko wayar salula ba ta yaɗu a wurinmu ba. Sai a 2001 GSM ta shigo Najeriya, a 2010 kuma wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, intanet ya soma sauƙi. Amma wannan dagewa ta 1999 ita ta sa yau matashi a Rano, Rurum ko Kibiya ba ya biyan ko kwabo kafin ya mallaki kayan aikin da manyan kamfanonin duniya ke riƙe da shi. Ba da umarni ta SSH rubutu ne zalla, ba hoto ba bidiyo, shi ya sa sabis ɗin da ya gaza buɗe YouTube yakan ishe ta, data kuma kaɗan take ci. Da manhajar Termux a wayar Android, ko PuTTY a tsohuwar kwamfuta, mutum zai iya kula da uwar garken da ke Jamus yana zaune a zauren gidansu.

Abin da ya rage mana shi ne koyarwa. Malaman kwamfuta na sakandarenmu da masu shagunan koyar da na'ura a Rano, Kibiya da Bunkure, kada ku tsayar da yara a buga takarda da zana katin biki kawai. Ku buɗe musu baƙin allon nan tun kafin su tafi jami'ar Wudil ko ta Bayero, ku nuna musu yadda ake haɗa makulli, ku kuma ja musu kunne kada su tura na sirrin ga kowa, ko da ta WhatsApp ne.