Daga Bamako zuwa Damagaram: yadda aka soma koyar da karatu cikin Hausa a makarantun Nijar

A zamanin mulkin mallaka na Faransa, harshe ɗaya tak aka yarda da shi cikin lakwal, watau Faransanci. Taron Barazabil na shekarar 1944 ya ƙara jaddada wannan doka, ya kuma haramta amfani da harsunan ƴan ƙasa wajen koyarwa. Saboda haka yaro ɗan shekara bakwai da ya taso daga Tasawa ko Madawa, ran da aka kai shi gaban mushe, ran nan ake ɗora masa kaya biyu a lokaci guda. Na farko shi ne ya gane cewa zanen da ke bisa allo tsayawa yake a madadin sautin baki. Na biyu shi ne ya koyi baƙon harshe wanda bai taɓa jin ko gaisuwarsa ba. In kuwa ya kuskura ya yi Hausa cikin farfajiyar makaranta, sai a rataya masa abin nan da ake kira sambol, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa.

Littattafan da aka yi aiki da su, irin su Mamadou et Bineta na André Davesne, an tsara su da sunaye da hotunan Afirka, amma wannan bai rage nauyin ba. Rubutun Faransanci bai cika bin furuci ba. Sauti guda ana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga kuma baƙaƙen ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Yaron da bai san ma'anar kalma ba, ba shi da abin da zai gwada karatunsa da shi, balle ya gane ya yi kuskure ya gyara. Sai ya koma ga hadda. Yana iya rera shafi sukutum, a tambaye shi abin da shafin ya ƙunsa ya yi shiru.

Ba wai ƙasar Hausa ba ta san koyar da karatu ba kafin zuwan Nasara. Makarantar allo tana da tsarinta: a fara da babbaƙu, a bi da farfaru, kana a shiga haɗa su, kuma malam da Hausa yake yi wa almajiri bayani ko da yake nassin na Larabci ne. Waɗanda suka yi nisa sun rubuta wasiƙu da waƙoƙi cikin ajami. A ƙetaren iyaka kuma Ingilishi sun bi wata hanya dabam. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. A shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Ke nan lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, akwai tarin littattafan Hausa a Kano da Zariya, amma lakwal ɗin Maradi ba ta da hurumin taɓa ko ɗaya.

Abin lura shi ne ta wajen manya aka fara buɗe ƙofa. A 1963 aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, ba a daɗe ba ta koma koyar da manoma cikin harsunansu. Yara kuwa aka nemar musu magani ta wata fuska: a 1964 aka soma shirin koyarwa ta talabijin, wanda ya sake salon darasi ƙwarai, ya kawo wasa da hira cikin aji, amma ya bar harshen koyarwa yadda ya same shi. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970 bai game ƙasa ba.

Koyar da manya ya tayar da tambayar da ba a iya kauce mata: da wace ƙa'ida za a rubuta? Wanda ya fito lakwal, in ya tashi rubuta Hausa, ƙa'idar Faransanci yake bi, ya sa ou a madadin u ko w, ch a madadin sh, tch a madadin c. Har yau ana ganin sawun wannan a sunayen garuruwa, Tahoua da Tessaoua da Madaoua. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966 shi ya ba da amsa, ga Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci da harsunan Mande. Ƙa'idar da Nijar ta bi bayan taron ta riƙe baƙaƙe masu lanƙwasa, amma ta rabu da ta Nijeriya a wurare biyu. Ta rubuta ay da aw inda Kano ke rubuta ai da au, shi ya sa takardun lokacin ke ɗauke da Hawsa. Sannan ta nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi. Jaridun karkara na masu yaƙi da jahilci, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, sunayensu kaɗai sun isa shaida.

Wannan ninki ba ado ba ne. Tsawon wasali a Hausa yana raba ma'ana. Garii shi ne mazaunin mutane, gaarii kuwa na tuwo. Dafaa aikin tukunya ne, daafaa kuwa ɗora hannu. Faraa siffa ce ta mace ko riga, faaraa kuwa soma abu ne, ko ƙwaron da ke cinye gero, kuma waɗannan biyun na ƙarshe karin sauti ne kawai ya raba su, wanda ba a rubutawa. Ƙwararren mai karatu yana hango ma'ana daga sauran jimla, ba ya ko lura da giɓin. Sabon shiga kuwa, wanda ke bin gaɓa ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, bai kai ga ƙarshen jimla ba tukuna, don haka duk abin da aka rage a rubutu shi ne zai biya.

Sai a 1973, shekara goma bayan manya, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka soma karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. Faransanci yana shigowa da baki tukuna, daga baya a rubuce, kana ya karɓi ragamar koyarwa a azuzuwan sama. Hujjar tsarin ita ce karatu sau ɗaya ake koyonsa: wanda ya gane dangantakar harafi da sauti cikin harshen da yake ji, zai ɗauki wannan sani ya shiga da shi wani harshe. A 1974 aka kafa cibiyar INDRAP, wadda ta ɗauki nauyin tsara littattafai da ƙirƙiro kalmomin lissafi da nahawu. Daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci.

Amma yaron da ya iya karatu, me zai karanta? A nan ne ninkin wasali ya nuna illarsa. Littattafan Hausa masu yawa a Nijeriya ake buga su, da wata ƙa'ida, kuma ƙasa mai ƙarancin maɗaba'a ba ta iya raba kanta da wannan rumbu. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai cikin Janairu 1980, ƙarƙashin cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya karkata ga ƙa'idar da ta riga ta kafu a kudu. Aka bar ninki, aka koma ai da au. Harafin ƴ ne Nijar ta riƙe, inda Nijeriya ke sa 'y. Shawara ce mai hankali, sai dai ɗan aji ɗaya ne ya ɗauki asararta, musamman na yamma. Yaron Tawa ko Ƙonni da ke cewa hwara da tahi, yanzu zai ga fara da tafi, ba alamar tsawo, ba kuma furucin gidansu.

Duk da haka, binciken da aka yi wajajen shekarar 2000 don gwada makarantun gwaji da na gargajiya ya nuna ɗaliban gwaji sun fi iya karatu, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Faransanci. Abin da ya kasa shi ne yaɗuwa. Bayan fiye da shekara 20 makarantun ba su wuce kimanin 40 ba. Jarrabawar ƙarshe da Faransanci ake yin ta, malamin da aka horar ana iya canja masa wuri a kawo wanda bai taɓa rubuta Hausa ba, kuma ita kanta kalmar gwaji ta sa iyaye da dama ɗari-ɗari, don ba mai son a yi gwaji da ɗansa. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 kuma aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da takardar hukuma. Amma awon PASEC na 2014 ya samu cewa cikin ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A Maris 2025 kundin da hukumomin ƙasar suka ƙaddamar ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Ƙa'idar 1980 ba ta hana a nuna tsawon wasali cikin littafin shekarar farko kaɗai ba, a riƙa janye alamar sannu a hankali yayin da idon yaro ya saba. Ajami ya daɗe yana rarrabe wasulan nan da alif da wawu da ya, ta yadda almajirin da ya rubuta garin tuwo ba a ɗaukarsa da garin Maradi.