Yadda ƙasa ta dawo hannun maginan Yamai

Duk maginin da ya daɗe a Yamai ya san maganar da mai gida ke fara yi in kuɗi suka shigo hannunsa: a rushe ɗakin banko, a kawo bulo da kwano. Tun bayan da garin ya zama babban birni a 1926, siminti ya zama alamar wanda ya samu, ƙasa kuwa aka bar wa talaka. Amma a watan Afrilu, da tsakar rana, mai ɗakin kwano shi ke fitowa neman inuwa, mai soron ƙasa yana ciki yana barci.

Gyaran bai fara daga birni ba. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya soma ginin masallacin Juma'a da laka a 1962, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. A Shikal kuma, kusa da Filinge, wajen 1980 aka fara koyar da gini ba da itace ba, saboda fari ya ci itatuwa, azarar giginya ta yi tsada. Ƙungiyar Development Workshop ce ta yaɗa dabarar: rufin kubba da tubali zalla, irin wanda Hassan Fathy ya farfaɗo da shi a Masar. Magina da dama sun koya, suka koma garuruwansu da ita.

Yamai ce ta yi taurin kai, kuma tana da hujja. Ambaliyar 2020 ta nuna yadda gidan banko marar tushe mai ƙarfi ke narkewa in ruwa ya kwanta a gindinsa.

Nan ne aikin mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara ya yi tasiri. Ita da abokan aikinta na united4design suka kammala gidaje shida a Yamai, masu suna Niamey 2000, a 2016, da bulon ƙasa na inji. Aikin a ido mai sauƙi ne: a tankaɗe jar ƙasa, a ɗan yayyafa ruwa har in an dunƙule ta a tafin hannu ta riƙe ba ta manne ba, a zuba a injin matsi, bulo ya fito da kaifin baki, a jera shi ya bushe ba tare da wuta ba. Gidajen suka hau bene don tattalin fili, kowanne da tsakar gidansa da sirrinsa. A 2018 ita da Yasaman Esmaili suka gama sabon masallacin ƙauyen Dandaji, tsohon ya zama ɗakin karatu.

Gidaje shida ba za su rufa wa birnin da ya haura mutum miliyan asiri ba, kuma an gina su ne don masu matsakaicin ƙarfi. Abin da ya rage shi ne injin ya kai unguwannin bakin gari, inda mutum ke ɗora ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, da maginin da ya san yadda ake ɗaga tushe da sa indararo.