Labarin talla biyu: madarar gwangwani da maganin zawo

Ƴan'uwa masu karatu, babu wanda bai san talla ba. Yarinya mai ƙosai tana kira ƙofa ƙofa. Mai magani yana tara jama'a ranar kasuwa. Waɗannan kuna ganinsu da idonku, kun san gidan ubansu. In sun cuce ku, gobe kuna iya tare su. Amma akwai wani irin talla wanda ba a ganin mai shi. Shi ne na rediyo da talabijin, da na allon bakin hanya, da na cikin wayar salula.

Wannan talla sana'a ce ta wasu mutane. A manyan birane akwai gidajen da ba su da aiki sai tsara talla. Kamfani ya kawo musu kayansa, ya biya su kuɗi masu yawa. Su kuma su zauna su yi nazari: wace waƙa za ta zauna a kunnen mutane, wane hoto zai ja zuciyar uwa. Suna da basira ƙwarai. To, basirar nan tana iya yin amfani, tana kuma iya yin ɓarna. Ga labari biyu na gaskiya, ku auna da kanku.

Yadda madarar gwangwani ta samo asali

A shekara ta 1867, a garin Vevey na ƙasar Suwis, wani mai haɗa magani da ake kira Henri Nestlé ya fito da abincin jarirai na gari. Ya yi shi ne don jinjirin da bai samu nonon uwa ba. Har yau, in uwa ta rasu ko ciwo ya hana ta shayarwa, madarar jarirai tana ceton rai, muddin an haɗa ta yadda ya kamata.

Matsala ta taso ne lokacin da kamfanonin madara suka so kowace uwa ta saya, har wadda ke da nono isasshe. Wata likita mai suna Cicely Williams ta fara jan kunne. Ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, inda ta bayyana wa duniya ciwon yunwa na yara mai kumbura jiki. Daga nan aka kai ta Singafo, can nahiyar Asiya. A can ta ga ana tallan madara mai sukari a matsayin abincin jarirai, yara kuwa suna ta mutuwa. A 1939 ta yi jawabi gaban manyan garin, ta kwatanta irin wannan talla da kisan kai. Ba a saurare ta ba.

Dabarun da aka yi amfani da su

Cikin shekarun 1960 da 1970 tallan madara ya bazu a Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. A jikin gwangwani ana sa hoton jinjiri ƙato, mai kumatu, yana dariya. A rediyo ana waƙa da harshen mutanen ƙasa. Uwa ta dubi hoton, ta dubi ɗanta, sai ta fara shakkar nononta.

Dabara ta biyu ta fi wannan. Wasu kamfanoni suna ɗaukar mata, su sa musu fararen tufafi irin na ma'aikatan asibiti, su aika su ɗakin haihuwa da gidajen masu jego. Uwa tana tsammanin shawarar likita take ji, alhali ƴar talla ce a gabanta.

Dabara ta uku ita ce kyauta. A ba mai jego gwangwani ɗaya ko biyu ba ko dala. Ku lura da abin da ke biyo baya. Nono yana zuwa ne gwargwadon tsotson yaro. In yaro ya koma ga kwalba, tsotso ya ragu, nono ya janye. Kafin kyautar ta ƙare, nonon uwa ya kusa ƙafewa. Daga nan sai saye, madara kuwa da tsada. Talaka ya ga gwangwanin kwana huɗu ba zai kai ba, sai a ƙara ruwa don ya yi mako biyu. Yaro yana sha, cikinsa ya cika, amma yunwa tana cin sa.

Ga kuma maganar ruwa. Madarar gari tana son ruwa tafasasshe da kwalba wankakkiya a kowane sha. Inda ruwan rijiya ko na tabki ake sha, itace kuma yana wuya, wa zai tafasa kwalba sau shida a yini? Ƙuda ya sauka, madara ta kwana cikin zafi, zawo ya kama yaro. Bayanin yadda ake haɗawa yana jikin gwangwani, amma da Turanci ko Faransanci, uwa kuwa ba ta yi karatu ba. Hoton ta gani, gargaɗin ya wuce ta. Wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Yadda duniya ta farka

A 1974 wata ƙungiyar taimakon talakawa a Ingila, War on Want, ta buga ɗan littafi a kan wannan ɓarna. Wasu matasa a Suwis suka juya shi da Jamusanci, suka sa masa suna mai cewa Nestlé yana kashe jarirai. Kamfanin ya kai su ƙara a birnin Bern. A 1976 alƙali ya ce sunan littafin ɓata suna ne, ya ci mutum 13 tarar kuɗin Suwis 300 kowane ɗaya. Amma a cikin hukuncin ya gaya wa kamfanin lalle ya sake salon tallansa. Kamfanin ya ci shari'a, labarin kuwa ya game duniya saboda shari'ar.

A watan Yuli na 1977 mutane a Amurka suka fara ƙaurace wa kayan Nestlé, abin ya yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Ba shi kaɗai ke wannan talla ba, amma shi ne babba a kasuwar. Kamfanonin sun kare kansu da cewa madararsu lafiya lau take, talauci da ruwa marar tsabta ne ke kashe yara. Masu ƙorafi suka ce: kun san da talaucin, kun san da ruwan, kuka yi tallan.

Ranar 21 ga Mayu 1981, babban taron hukumar lafiya ta duniya, OMS, ya amince da ƙa'idar sayar da madarar jarirai. Ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi, uku suka yi shiru. Ƙa'idar ta hana tallan madarar jarirai ga jama'a. Ta hana ba uwaye kyautar gwaji. Ta hana hoton jinjiri a jikin gwangwani. Ta hana ma'aikatan kamfani zuwa wurin masu ciki da masu jego. Ta ce kuma a rubuta a kowane gwangwani cewa nonon uwa ya fi. Sai dai ƙa'idar shawara ce, kowace ƙasa sai ta mai da ita doka. An janye ƙauracewar a 1984, aka sake ta da ita a 1988 saboda madarar kyauta da ake ci gaba da kai wa asibitoci.

Talla na biyu: ƙasar Masar

Yanzu mu duba inda wannan basira ta yi aikin alheri, a kan ciwon nan dai na zawo. A farkon shekarun 1980 zawo ne babban mai kashe ƙananan yara a Masar. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Maganin yana da araha: ɗan ƙunshin gishiri da sukari da ake narkawa a ruwa mai tsabta. Ƙunshin yana nan a ƙasar, amma uwaye da yawa ba sa amfani da shi.

Gwamnatin Masar ta kafa shiri na musamman, aka kai shi ko'ina cikin ƙasa a 1984. Masu shirin ba su fara da waƙa ba. Sun fara da tambayar uwaye. Suka gane ƙunshin lita ɗaya ya yi wa uwa yawa, ita da kofi take ba yaro sha. Sai aka yi ƙaramin ƙunshi daidai kofi ɗaya. Kafin a sa talla a talabijin, ana nuna wa mata shi a ji ko sun fahimta. Da farko wani ɗan wasan barkwanci aka sa. Daga baya aka ɗauko Karima Mukhtar, ƴar wasan da mutanen Masar suka saba gani tana fitowa a matsayin uwa. Tana magana da harshen gida, tana nuna yadda ake haɗawa, da yadda ake ba yaro da cokali kaɗan kaɗan. Tallan yana cewa a ci gaba da ba yaro nono da abinci, in ciwo ya tsananta a kai shi likita. Cikin ƴan shekaru kusan kowace uwa a Masar ta san wannan magani, mutuwar yara saboda zawo ta ragu ƙwarai.

Mene ne bambancin?

Dukansu biyu sun yi amfani da fuskar da uwa ta yarda da ita, da harshen da take ji. Gwaninta ɗaya ce. Amma na farko ya sa uwa ta raina abin da take da shi kyauta, ya ɓoye tsada da haɗari. Na biyu ya koya mata abin da za ta yi da hannunta, ya faɗi iyakar maganin. Don haka daɗin waƙa ba shi ke nuna talla mai kyau ba.

Kada ku ce labarin ya wuce. A 2022 OMS da UNICEF suka fito da binciken da suka yi a ƙasashe 8, har da Najeriya makwabciyarmu. Sun tambayi iyaye da masu ciki 8,500, fiye da rabinsu suka ce tallan madarar jarirai ya iske su. Yanzu ta waya yake shigowa. Shawarar OMS kuwa ita ce nono zalla har wata 6, ba ko ruwa, sannan a haɗa da abinci har shekara 2.

To, duk tallan da ya iske ku, na madara ne, na maganin ƙarfi ne, na taki ne, ku yi masa tambaya uku. Wa ya biya kuɗin wannan magana? Me aka ƙi faɗi game da tsada da haɗari? In abin ya ɓaci, wa za mu kama? Matambayi ba ya ɓata. Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci kuna da abin da waɗancan uwaye ba su samu ba. Ku juya gwangwani, ku nemi ƙananan baƙaƙe da ranar da kaya ke lalacewa. In da Faransanci ne, ku kawo shi aji mu karanta tare, ko ku nuna wa ma'aikacin likita kafin ku ba yaro.