Littafin abacada mai hotuna: abin da iyaye ya kamata su sani

Littafin abacada mai hotuna shi ne wanda ake ware wa kowane harafi shafi, a ajiye masa hoton abin da sunansa ya fara da sautin harafin. Yaro ya ga hoton, ya ambaci sunansa, kunnensa ya kama sautin farko.

Tsarin bin haruffa ɗaya bayan ɗaya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin makarantar allo da babbaƙu take farawa kafin farfaru. A ɓangaren boko, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawar Kano a 1909, kuma a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Daga baya littafin Ka Koyi Karatu na kamfanin NNPC da ke Zariya ya zama tsanin farko ga ɗaliban firamare da dama.

A unguwannin kudancin kogin Kaduna, irin su Barnawa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha, inda harsuna da yawa ke zaune tare kuma Hausa ce ta kasuwa, littattafan Turanci ne suka fi yawa a makarantun kuɗi. Nan ne matsalar take. Yaron da aka nuna wa hoton kare a ƙarƙashin D zai ce kare, sautin da ya fito daga bakinsa kuwa na K ne. Hoton bai taimake shi ba, sai dai ya haddace. Harafin C ma ya fi rikitarwa: a Hausa shi ne farkon cokali, a Turanci kuma wani lokaci ya yi sautin K, wani lokaci na S.

Turanci na da haruffa 26 amma sautukansa sun haura 40, shi ya sa tsarin Jolly Phonics na Ingila ke koyar da sautuka 42 kafin sunayen haruffa. Rubutun Hausa ya fi sauƙi, tun da kusan kowane harafi sauti guda yake ɗauka, ko da yake ba a nuna tsawon wasali.

Kafin saye, a duba ko yaro ya san abubuwan da ke hotunan a harshen littafin. Idan na Hausa ne, a tabbata ƙ, ɗ, ɓ, sh da ts sun samu nasu shafin, don kada ƙofa ta koma kofa.