Dafi da Magani: Tarihin Jiyyar Karkarwar Zuciya da Darasinsa ga Mutanen Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin magungunan wata cuta wadda a nan za a kira ta karkarwar zuciya, sa'an nan a duba abin da tarihinsu yake nufi ga mutanen ƙasar Yawuri, watau Yelwa da Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin Tafkin Kainji. Abin da zai bayyana shi ne, manyan magunguna biyu na farko da aka yi jiyyar cutar da su daga dafi da guba aka samo su, kuma awo ne ya mai da su magani.

Yanayin Cutar

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A cikin ƙoshin lafiya ɗakunan sama su ne ke fara matsewa, na ƙasa su amsa, kamar mata biyu da ke daka a turmi ɗaya, har a sami bugu 60 zuwa 100 a minti. Idan cutar ta kama mutum sai ɗakunan sama su daina matsewa, su riƙa karkarwa kawai, na ƙasa kuwa su riƙa bugu da sauri ba bisa tsari ba. Mai cutar yakan ji faɗuwar gaba da haki da jiri da kasala. Wani ma ba ya jin kome. Babban haɗarin shi ne jinin da ya kwanta a ɗakin sama na hagu yakan daskare, gudansa ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Binciken da aka daɗe ana yi a garin Framingham na Amurka ya nuna a shekarar 1991 cewa cutar tana ninka wannan haɗari kusan sau biyar. Tsufa da hawan jini su ne manyan tushenta, amma a Afirka akwai na uku, watau lalacewar ƙyauren zuciya a sanadin ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya.

Dafin Kibiya

Tun kafin zuwan Turawa maharba da mayaƙan ƙasar Hausa sun san kwankwani, tsiron da ake dafa 'ya'yansa a haɗa dafin kibiya. Mutanen Bargu, maƙwabtan Yawuri na tsallaken Kwara, sun yi suna ƙwarai da kibiya mai dafi, har Lugga kansa sai da ɗaya ta same shi a ka a shekarar 1894, a tafiyarsa ta Nikki. Aikin wannan dafi a zuciya yake: yana matse ta har ta tsaya.

A farkon shekarun 1860 wani likita mai suna John Kirk, abokin tafiyar Livingstone a kogin Zambezi, ya ajiye irin wannan dafi a aljihu ɗaya da burushinsa na goge haƙora. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, kuma ya lura bugun jijiyarsa ya ragu. Tsiron da ya kai gida ɗan'uwan kwankwani ne. Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya yi shekaru yana nazarinsa, ya tace sinadarinsa, a shekarar 1885 ya gabatar da shi ga likitoci a matsayin maganin zuciya. Shekara ɗari kafin haka, watau a 1785, William Withering na Ingila ya riga ya bayyana wani ganye mai guba, dijitalis, wanda yake irin wannan aiki, ya kuma ja kunne cewa idan aka zarce awo amai da mutuwa ke biyo baya. Daga dangin wannan ganye aka tace digozin a shekarar 1930, wanda har yau ake ba wasu masu karkarwar zuciya domin rage saurin bugu, ko da yake yanzu akwai wasu magunguna da aka fi farawa da su.

A duk tsawon wannan zamani likitoci da yatsa suke jin rikicewar bugun, ba su san asalinta ba. Sai da Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar zana bugun zuciya a farkon ƙarni na 20, sa'an nan a shekarar 1909 Thomas Lewis a Landan, da wasu likitoci biyu a Biyana, suka tabbatar cewa karkarwar ɗakunan sama ce ke haddasa ta.

Gubar Ɓera

Rage saurin bugu yana kawo sauƙi, amma ba ya hana shanyewar jiki. Maganin wannan daga garken shanu ya fito. A shekarun 1920 shanu a Kanada da arewacin Amurka suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. A shekarar 1933 wani manomi ya kai wa Karl Link na Jami'ar Wisconsin jinin saniyarsa a cikin gwangwanin madara, jinin da ya ƙi daskarewa. Daga nan aka gano sinadarin da ke cikin harawar, aka ƙera wafarin, aka fara sayar da shi a matsayin gubar ɓera a 1948. A 1954 aka yarda a ba mutane shi a ɗan ƙanƙanin awo, har Shugaba Eisenhower ya sha a 1955. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yana rage shanyewar jiki ga masu karkarwar zuciya da kusan kashi biyu cikin uku.

Amma fa wafarin yana da sharaɗi. Idan ya yi kaɗan jini ya daskare, idan ya yi yawa jini ya ƙi tsayawa. Saboda haka dole a riƙa gwada jinin mai shansa, galibi wata-wata, a ga ma'aunin yana tsakanin 2 da 3. Yawan cin ganye irin su alayyafo da zogale yana rage ƙarfinsa, don haka ake so mutum ya tsaya a kan cimarsa da ya saba. Asfirin da dangoginsa na ciwon jiki da ake saye a kemis suna ƙara haɗarin zubar jini, kuma yana yi wa ɗan tayi illa. Daga shekarar 2010 an sami sababbin magunguna waɗanda ba su bukatar wannan gwaji, sai dai suna da tsada. Bugu da ƙari, wani bincike da aka buga a 2022, a kan majiyyata fiye da 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna cewa ga wanda lalacewar ƙyauren zuciya ce asalin cutarsa, tsohon maganin ya fi ɗaya daga cikin sababbin rage mutuwa. Ke nan talakan Afirka bai rabu da awo ba tukuna.

Darasi ga Ƙasar Yawuri

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya ci tsohuwar Busa da gungu-gungu masu yawa, aka sauya wa mutum fiye da dubu 40 matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari, suka watsu a ƙauyukan gaɓar tafki. Masunci ko manomin albasa da ke zaune a can, idan likita ya ɗora shi a kan wafarin, ya ɗora masa tafiya ke nan sau goma sha biyu a shekara, wani lokaci ta jirgin ruwa da mota, ga kuɗin mota, ga hasarar yinin sana'a. Ganin ƙwararren likitan zuciya kuwa sai an nufi manyan asibitoci irin na Birnin Kebbi da Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Wanda tafiya ta gagara, ko dai ya daina shan maganin, ko ya ci gaba da sha a makance, kuma kowanne ya zaɓa yana cikin haɗari.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna inda ya kamata a sa ƙarfi. Na farko, yaron da maƙogwaronsa ke ciwo da zazzaɓi a kai shi asibiti, domin fenisilin mai araha yana tsare ƙyauren zuciyarsa. Na biyu, duk wanda aka auna wa hawan jini a taɓa jijiyar hannunsa na tsawon minti ɗaya, idan bugun ba shi da tsari a tura shi a zana bugun zuciyarsa. Na uku, yanzu akwai ƙaramar na'ura mai gwada jinin mai shan wafarin da ɗigo ɗaya daga yatsa, kamar ta masu ciwon sukari. Wajibi ne hukuma ta tabbatar ana samunta, da kayan aikinta, da ma'aikacin da ya iya ta, a Yelwa da Wara da Shanga, a kuma daidaita ranar gwaji da ranar kasuwa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ga wanda cutar ta riga ta kama kuwa, rayuwarsa tana rataye ne a kan kusancinsa da wurin awo.