Daga Sarkin Magina zuwa Mai Jan Fenti: Tarihin Duba Gini a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya ba zai rasa ganin katangar da aka shafa wa jan fenti ba, alamar cewa jami'in da ke duba gine-gine ya biyo ta nan ya tarar an ta da gini ba da izini ba. Abin da ya ja hankalina ga wannan jami'i shi ne, har yanzu Hausa ba ta raɗa masa tsayayyen suna ba. Wani ya ce da shi injiniya, wani safiyo, wani kuma ya ce "mutanen hukuma", alhali magini da maƙeri da majemi kowa da sunansa, har da sarautarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rashin sunan nan yana da tarihi. Aikin duba gini daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa, amma ofishin baƙo ne, kuma bai shigo ta ƙofar da tsohon tsari ya bari ba.

Kafin zuwan Turawa, gini a birni yakan bi ta hannu uku. Mai unguwa shi ya san fili da iyakarsa. Ingancin aiki kuwa yana wuyan magina, ƙarƙashin Sarkin Magina, wanda ke tara su idan aikin fada ko masallaci ko ganuwa ya taso, ya kuma raba gardama tsakaninsu. Babu zane a takarda. Gwani yakan shata ɗaki a ƙasa da ƙafarsa, sauran lissafin yana kansa: kaurin gindin bango, yadda zai riƙa sirancewa yayin da yake hawa, da kuma sanin cewa azara ba ta ɗaukar rufi idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida sai an yi mata dabara, ko dai ginshiƙi ko bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, ya isa shaida a kan zurfin wannan ilimi.

Hannu na uku shi ne na alƙali, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan tsaya. Fiƙihun Malikiyya ya yi bayani mai yawa a kan gini, ya kuwa ɗora shi a kan hana cuta. Ba a buɗe taga ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Ba a kafa indararo ya zuba a jikin bangon wani, kuma duk wanda ya san ginin ƙasa ya san indararo ɗaya ya isa ya kayar da katanga a damina guda. Ba a haƙa masai kusa da rijiyar maƙwabci, ba a cin hanya. A Tunis ta ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn Rami, wanda alƙalai kan aika ya dubo bangon da ake jayayya a kai, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. A nan gida kuma, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin harimin gari da na rijiya a cikin Ta'alimur Radi. Abin lura shi ne, wannan tsari ba ya tambayar ko an ba mutum izini. Tambayarsa ita ce, wa ya cutar? Idon maƙwabci shi ne mai duba, sai ya yi ƙara hukuma ta motsa.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913. Dokar garuruwa ta 1917, wadda Lugga ya kafa, ita ce ta kawo sabon abu, wato neman izini kafin a aza tubali, tare da miƙa zanen gini a duba. To, amma ina dokar ta yi aiki, kuma don wa? Ta yi aiki ne a Bariki da kantuna da Sabon Gari, waɗanda aka cire daga hannun En'e. Babban abin da ya dame ta shi ne lafiyar Bature. An bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton cewa sauron da ya ciji ɗan ƙasa ba zai ƙetare wannan tazara ba. Shi ya sa maganar likita ta fi ta magini ƙarfi wajen amincewa da zane, shi ya sa kuma fuskar dokar da talaka ya fara gani ita ce ta duba-gari, mai leƙa randa da masai ya ci tara. An buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Duba-gari ya sami suna a Hausa domin ya shiga gidan kowa. Mai duba zane kuwa yana can ofis, a ɓangaren garin da Bahaushen birni bai ɗauka nasa ba ne.

Kada a ɗauka wai Turawan sun raina ginin ƙasa ne gaba ɗaya. Gidan Ɗan Hausa a Kano da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 duk aikin maginan gargajiya ne. Sai dai ƙa'idojin da aka rubuta ba su san tubali da azara da makuba ba, saboda haka ilimin Sarkin Magina bai taɓa shiga takarda ba, takardar kuma ba ta shiga birni ba.

Dokokin da suka biyo baya faɗaɗa wannan gado suka yi. An yi dokar tsara birane a 1946. An zana wa Kano tsarin shekara ashirin daga 1963, Max Lock ya zana na Kaduna a 1967. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, dokar filaye ta 1978 kuma ta miƙa ƙasar birane ga gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ta karkara. Dokar tsara birane ta 1992 ta yi nufin kowace ƙaramar hukuma ta sami sashen kula da gine-gine, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne. Sakamakon haka, a manyan birane hukumomin jiha ke riƙe da aikin, jami'in ƙaramar hukuma ya koma kan ƙananan garuruwa. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa bai fito ba sai 2006.

A takarda, aikin a bayyane yake. Mai duba zane zai tabbatar da shaidar mallakar fuloti, ya auna tazarar gini daga titi da daga maƙwabci, ya duba tagogi da magudanar ruwa da nisan shadda daga rijiya, idan bene ne kuma ya nemi lissafin injiniya. Sa'an nan a je wurin aiki a ga fandisho kafin a rufe, a ga rodi kafin a zuba kankare. Rabin waɗannan, in an lura, tsofaffin tambayoyin alƙali ne aka mayar da su ƙafa da inci.

Amma yawancin mutanen da suka cika biranenmu tun daga shekarun 1970 ba ta wannan hanya suka gina ba. Hausa ta yi wa tasu hanyar suna mai kyau, wato awon igiya: gona ce a gefen gari, dillali ya ja igiya ya yanka ta fuloti-fuloti, ya bar lungun da mota ba ta shiga. A irin waɗannan unguwanni ba Sarkin Magina, domin birkila ba a ƙarƙashinsa yake ba, ba kuma zane, domin filin ba shi da takardar da za a kai ofis. Jami'i ba ya zuwa sai gini ya kai linta, da gwangwanin fenti a hannunsa. A ganina wannan ne ya sa jama'a suka san shi da rusau, ba su san shi da shawara ba.

Haɗarin kuwa ya fi na da, saboda kayan ginin sun sauya hali. Bangon ƙasa yakan nuna ciwonsa, ya tsage ko ya zaizaye, mai gida da maƙwabci su gani a yi yaɓe kafin damina. Kankare ba haka yake ba. Idan ɗan kwangila ya rage rodi ko ya yawaita yashi, da zarar an zuba an shafe, babu idon maƙwabcin da zai gane, kuma babu wanda zai kai ƙara tunda ba a ga cuta ba tukuna. Lokacin da za a iya kama wannan aibi kwana ɗaya ne ko biyu kafin zubi, wanda kuma doka ta ɗora wa zuwa a ranar shi ne jami'in nan. A watan Agusta na 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a Titin Beirut a Kano, a tsakiyar kasuwar waya. A watan Yuli na 2024 kuma ginin wata makaranta mai hawa biyu ya faɗo a Jos ana cikin darasi, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.